Kukan Kunne Ba Ambato Ba Ne

Jama'a, a ƙasar Gagarawa da Gumel in kunnen mutum ya yi kuka sai a ce ana ambatonsa. To, mai injin niƙan da kunnensa ke shuu dare da rana, har kukan jariri ya gagare shi ji, wa ke ambatonsa? Ciwo ne.

Ana warkewa? In dauɗar kunne ce ko ruwan kunne, magani yakan raba shi da kukan. In ƙarar inji ce ta lalata cikin kunnen, abin da ya lalace ba ya dawowa, amma yawanci kukan yakan lafa cikin watanni, mutum ya saba har ya yi barci. Mai gudun ƙara kuwa, toshe kunne wuni guda ƙara masa ciwon yake. A toshe a bakin inji kawai. Allurar jentamaisin barkatai ita ma tana kashe ji.

Cibiyar Kunne ta Ƙasa tana Kaduna tun 1999. Ina talakan Sule Tankarkar, ina kuɗin motar Kaduna? Muna kira ga mahukuntan Jigawa su ajiye mai gwajin ji a asibitin Gumel, ya riƙa zagaya Maigatari da Gagarawa ran kasuwa.