RA'AYINMU: Haƙƙin Kyanwa A Kan Mai Gida

Duk wanda ya san zaman Sabon Ibadan ko Agege ta Ikko ya san cewa 'yan'uwanmu masu shagunan hatsi da busasshen kifi ba su da mai gadi kamar kyanwa. Amma abin takaici, ranar da mota ta banke ta ko kare ya yage ta, sai a jefar da ita kan juji. Wannan butulci ne. Ashe mun manta da matar da Hadisi ya ce ta shiga wuta don ta tsare kyanwa har yunwa ta kashe ta?

Jinyar ba ta da wuya. A fara kai ta wurin likitan dabbobi. In an dawo gida, a kwantar da ita cikin kwali mai tsumma, a ɗakin da yara ba sa shiga. A riƙa wanke miki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, a hana ta lasarsa. Karaya takan ɗauki mako 6 zuwa 8, saboda haka kada a bar ta tana tsalle. In ta kwana biyu ba ta ci ba, a koma asibiti.

Muna jan kunnen jama'a: kada tausayi ya sa a ba ta Panadol. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Haka kuma kada a shafa mata Dettol ko Izal.

Wanda ya ci moriyar ganga, bai kamata ya yar da kwaurenta ba. Allah Ya sa mu gane.