Awa Ɗaya a Fili, Awa Ashirin da Uku a Gida

Shekara goma sha huɗu ke nan ina koyar da motsa jiki a wani kolej a Maraɗi. Shekara biyar da suka wuce, wasu daga cikin iyayen ɗalibaina suka roƙe ni in riƙa fita da su fili bayan sallar asuba, sau uku a mako, a ƙarshen wata kowa ya ba ni abin da ya sawwaƙa. Akwai ƴan kasuwa, da ma'aikatan biro, da malamai ƴan uwana. Yawancinsu likita ne ya tsorata su: wannan hawan jini, wancan ciwon sukari, wani kuma gwiwa ce ta fara ƙin ɗaukar mai ita. Abin da na koya a wurinsu shi nake so in faɗa wa malamai da iyaye, domin kuskuren da na yi da manya, shi muke yi da yara kullum.

Kuskuren shi ne na ɗauka aikina ya ƙare da zarar mutum ya jiƙe da zufa. Wani Alhaji ɗan kasuwa ne ya farkar da ni. Wata shida yana zuwa, bai taɓa fashi ba, amma sikeli bai motsa ba, awon jininsa ma yana nan inda yake. Wata safiya ya dube ni yana dariya, ya ce: "Mushe, anya ba kuɗina kake ci ba?" Raha ce, amma akwai gaskiya a ƙarƙashinta. Na ce: "Alhaji, ba ni labarin jiya, tun daga tashinka har kwanciyarka."

Ga abin da ya ba ni. Daga fili sai mai shayi, madara da sukari cokali huɗu da burodi. Sai mota ta kai shi shago, ya zauna har azahar. Da rana lemun kwalba biyu, saboda zafi. Bayan isha'i sai fada, shayi zagaye uku da balangu, hira har ƙarfe ɗaya na dare. Ƙarfe biyar ya tashi. Barcinsa awa huɗu ke nan.

A mako akwai awa 168. Uku kawai ke hannuna. Sauran 165 ban taɓa tambayar yadda suke tafiya ba, amma ina karɓar kuɗin mutum da sunan gyara masa lafiya.

Kada a ji ni a karkace. Motsa jiki yana da amfani ko da nauyin mutum bai ragu ba: zuciya tana ƙarfi, numfashi yana daidaita, jiki yana sarrafa sukari da kyau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana bukatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 kuma minti 60 kowace rana. Alhaji ya cika wannan. Sai dai hukumar ba ta tsaya nan ba. Ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kimanin giram 50, wajen ƙananan cokula 12, in an iya rage shi zuwa rabin haka ya fi. Gwangwani ɗaya na lemun zaƙi yana ɗauke da wajen giram 35, kuma ƙarfin da ke cikinsa ya kusa abin da mutum zai ƙona a tafiyar sauri ta rabin awa. Dunƙulen magi da muke jefawa biyu uku a tukunya, kusan rabinsa gishiri ne, sannan a ƙara gishiri a kai. Masana barci kuma sun ce babba yana bukatar awa 7 ko fiye. Sinadarin da ke cikin shayi mai hana barci, rabinsa yana nan a jini bayan wajen awa biyar da sha. Wanda ya sha zagaye na uku ƙarfe goma sha biyu, ko ya kwanta, jikinsa bai huta yadda ya kamata ba.

Da na gane haka sai na sake yin wani kuskuren. Na rubuta wa kowa takarda mai dokoki goma sha biyu: a bar wannan, a daina wancan. Ba wanda ya kai mako biyu. Mutum mai shekara hamsin ba ya sauya rayuwarsa gaba ɗaya don an miƙa masa takarda. Daga nan na koma ga abu uku, su nake bi har yau.

Na farko, abu ɗaya a lokaci ɗaya, kuma ƙarami. Ban ce wa Alhaji ya bar fada ba, domin a can abokansa suke, a can yake jin labarin kasuwa, kuma zumunci shi ma lafiya ne. Mun yi yarjejeniya ya sha zagayen farko kawai, ya bar wurin ƙarfe goma sha ɗaya. Sai da wannan ya zauna muka taɓa cokulan sukarin safe, daga huɗu zuwa uku, daga uku zuwa biyu. Wani bincike da aka yi a jami'ar UCL ta Landan, aka wallafa a 2009, ya nuna sabon hali yakan ɗauki wajen kwana 66 kafin ya zame wa mutum jiki, wasu ƙasa da haka, wasu har fiye da wata takwas. Ya kuma nuna fashin rana ɗaya ba ya rushe abin da aka gina. Wannan na ƙarshe nakan maimaita wa mutanena, domin da yawa biki ɗaya ko suna ɗaya ke sa su ce shi ke nan, sun karya, su watsar.

Na biyu, a rataya sabon hali a jikin tsoho. Mu a nan mun yi sa'a, yininmu a tsare yake da lokutan salla da na cin abinci, ba sai an sa ƙararrawa a salula ba. Wani ma'aikacin biro ya bar masallacin ƙofar gidansa a la'asar, yana takawa zuwa na gaba, minti goma zuwa, minti goma dawowa. Wani malami ya ɗauki al'adar shan kofin ruwa duk lokacin da ya yi alwala, abin da ke da muhimmanci a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40. Wani kuma ya daina hawa kabu-kabu in tafiyar ba ta kai minti goma sha biyar a ƙafa ba, har kuɗi suka rage masa a aljihu.

Na uku, kuma shi ya fi wuya, a sa gida duka a ciki. Alhaji ba ya dafa abinci. Duk abin da muka tsara a fili, a madafa ake yanke hukuncinsa. Sai da ya zauna da Hajiya suka yi magana, ita da kanta ta ce za ta rage magi ta ƙara daddawa da albasa, ta dawo da kwaɗon zogale da dafaffen wake sau da yawa a mako. Ba a sayi komi daga waje ba. Gero, wake, zogale, rama, yakuwa, kuka, fura da nono ba tare da an cika sukari ba, duk suna kasuwarmu, kuma kakanninmu da su suka rayu. Ba a kuma ware wa maigida tukunya dabam ba, domin wanda aka ware wa abinci ji yake kamar majinyaci, ba ya daɗewa zai koma ga na kowa.

Bayan wata takwas likitansa ya ce awon ya yi sauƙi. Har yau yana shan maganinsa, kuma ni ne na farkon hana shi dainawa. Mai koyar da motsa jiki ba likita ba ne. Duk wanda ya ce maka ka ajiye maganin hawan jini don kana gudu da safe, ka guje shi. Ba kowa ba ne kuma ya dace kamar Alhaji: akwai waɗanda suka bar ni tun da na fara tambayar abin da ke faruwa a gida, suka ce ba don wannan suke biya ba.

Na san abin da wasu za su ce. Za a ce wannan damuwar masu ƙoshi ce, a ƙasar da tamowa ke kwantar da yara kowace shekara. Gaskiya ne tamowa tana nan, kuma ita ce gaba. Amma hawan jini ba ya duba aljihu, gishiri kuwa ya fi yawa a tukunyar da nama ya yi ƙaranci. A unguwa ɗaya za ka ga yaro mai rama da kaka mai shanyewar ɓarin jiki. Za a kuma ce ƙiba alamar hutu ce da kulawar miji. Wannan tunani ya daɗe a cikinmu, ba kuma da gori za a kawar da shi ba. Ni dai na daina yi wa mutane maganar siffar jiki. Nakan tambaye su ko suna iya hawa bene ba haki, ko suna iya tashi daga tabarma ba dafa bango.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu, malamai da iyaye. Ɗalibi yana zuwa wurina awa biyu a mako, in sa shi gudu da tsalle, in ba shi maki. Shi ma sauran awowinsa ba na ganinsu. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12, matashi kuma awa 8 zuwa 10. Amma a ajin farko na safe nakan ga kawuna a kan tebur, in ka bincika salula ce a ƙarƙashin matashin kai har tsakar dare. Da yawa suna zuwa ba su karya ba, kuɗin da aka ba su kuma a bakin ƙofar lakwal suke ƙarewa, a alawa da ruwan zaƙi mai launi na leda. Mu ce yaro ba ya ganewa, mu ɗauko masa mai darasin gida, alhali barci da karin kumallo ne suka yi masa ƙaranci.

Ba na roƙon wani sabon tsari daga ministan ilimi. Uba ya sa lokacin da kowace salula a gidan za ta kwana a wuri ɗaya, har da tasa, domin yaro abin da ya gani yake bi. Uwa ta ba da kunu ko ƙosai kafin a fita, maimakon kuɗi kawai. Ƙungiyar iyayen yara ta zauna da masu talla a ƙofar makaranta, ba don a kore su ba, a ce su ƙara gyaɗa, dabino, dafaffen ƙwai da mangwaro a lokacinsa. Malami kuma, kafin ya daka wa mai gyangyaɗi tsawa, ya tambaye shi ƙarfe nawa ya kwanta.

A zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan, ɗaya tak, a riƙe shi wata biyu kafin a ƙara wani. Alhaji da ya kai hamsin sai da ya sha wuya kafin ya saki cokali biyu na sukari. Ɗansa da ke ajina shekararsa goma sha uku, bai riga ya saba ba, kuma nasa zai zo da sauƙi in an fara yanzu. Allah ya ƙara mana lafiya, mu da iyalanmu.