Filin Iyaye: Ingilishi ma yana da adon magana



Yaron da ya shiga kwaleji, tun shekarar farko yake soma Ingilishi. Mai kai dabbobi kasuwar Jibiya ko Illela ya san amfanin wannan harshe.

Ga abu biyu da za ku tambayi ɗanku da dare.

Na farko, ƙa'ida. Mu muna cewa kai, ke, ku. Su kalma ɗaya gare su: "you". Wajen jam'i, yawanci harafin s suke ƙarawa: "goat" akuya, "goats" awaki. Amma "sheep" ba ta sakewa, ko tunkiya ɗaya ko tumaki 100.

Na biyu, adon magana. In Bahaushe ya ce farin ciki, ba launin ciki yake nufi ba. Haka su ma. In sun ce mutum yana da "big mouth", ba girman baki ba ne. Mai surutu ne, ba ya riƙe asiri. Yaron da ya fassara kalma-kalma zai yi kuskure a jarrabawa.

Don haka ku koya wa yara karin maganarmu. Wanda ya gane ta gida, ta waje ba za ta gagare shi ba.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.