Yawan ƙaho ba ya ƙara gudun intanet

Tun da wayar fayiba ta fara ratsa lungunan Abijan, inda Orange da Canalbox ke rige-rigen jona gidaje, wata fahimta ta zauna daram a zukatan mutanenmu na Adjame da Treichville: wai akwatin da kamfani ke kafawa na jeka-na-yi-ka ne, don haka da ma'aikata sun tafi sai mai gida ya nufi kasuwar Black Market ya sayo rauta mai ƙaho shida ko takwas. Wannan ra'ayi yana cinye kuɗin jama'a ba tare da biyan buƙata ba, kuma ya kamata a daina yaɗa shi.

Wayar fayiba ba ta shiga rautar kasuwa. A akwatin kamfani take ƙarewa, shi ke mayar da haske zuwa saƙon lantarki, kuma da lambarsa kamfanin ya san layinka. Duk abin da ka saya a bayansa zai zauna, ba zai ba ka fiye da gudun da ka biya ba. Lambar da aka rangaɗa a jikin kwali kuwa dabarar talla ce: AC1200 gudun zango biyu ne, megabit 300 da 867, aka haɗa aka cike, alhali babu wayar hannun da ke cin moriyar jimlar. Juya na'urar ka duba ramukan bayanta. Da yawa cikin masu araha ramin megabit 100 gare su, ko nawa kake biya nan za ka tsaya. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Abin da ke kashe gudu a unguwanninmu shi ne bango da cunkoso. Zangon 2.4 GHz hanyoyi uku kacal gare shi da ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11. A gidan haya mai tsakar gida ɗaya, inda ɗakuna ke jere kowa da akwatinsa, duk a kan hanyoyin nan ake turereniya. Zangon 5 GHz ya fi sarari da sauri, amma bulo da kankare mai rodi suna raunana shi. Ga shi sau da yawa ana maƙale akwatin a bayan talabijin, kusa da inda waya ta shigo. Ɗaga shi sama a tsakiyar gida kyauta ne, kuma yakan yi abin da sabuwar na'ura ba za ta yi ba.

Wani zai ce mai gidan bene ko mai shago cike da abokan ciniki akwati ɗaya ba ya isarsa. Gaskiya ne, amma maganin ya fara da awo. A jona kwamfuta da akwatin ta waya kai tsaye a gwada. In gudun ya cika, layi lafiya yake, sai a ja wayar Cat6 zuwa ɗaya benen a sa na'ura ta biyu mai ramin gigabit, mai zango biyu, wadda kamfaninta ke ci gaba da sabunta manhajarta. Tsohuwar rautar gwanjo da aka daina sabuntawa ƙofa ce ga ɓarayin intanet, kamar yadda harin Mirai na 2016 ya nuna. In kuwa gudun bai cika ta waya ba, kamfani za a tuhuma. Wani lokacin ma matsalar daga nesa take: ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Abijan, mai ƙaho takwas da mai ƙaho biyu tare suka rasa intanet.

Mai gida ya auna kafin ya saya, ya fara kashe kuɗinsa kan wayar jonawa mai kyau da ƙaramin batirin da zai riƙe akwati in an ɗauke wuta. 'Yan'uwanmu masu shaguna kuma su ji tsoron Allah, su tambayi mai saye gudun da yake biya da irin ginin gidansa kafin su miƙa masa kwali.