SHARHI: Wa zai riƙe ragamar nishaɗin 'ya'yan Musulmi?

Duk shekara idan aka buɗe sayar da fom na shiga jami'a, akwai tambayar da ke yawo a tsakanin 'yan uwa matasa da suka kammala sakandare. Shin ya halatta matashi mai kishin addininsa ya nemi kwas da ya shafi fim, wasan kwaikwayo da harkar nishaɗi? Wasu da jin tambayar sai su yi a'uziyya su kau da kai. Wasu kuma su cike fom ɗin a ɓoye, ba su shawarci malami ba, ba su gaya wa iyaye ba, sai dai a ji labari bayan aikin gama ya gama. Duka ɓangarorin biyu akwai gyara a lamarinsu, domin kuwa ba a yanke wa abu hukunci sai an san haƙiƙaninsa.

Akwai wani fanni na karatu da ake kira ilmin tafiyar da harkokin fasaha da nishaɗi. A Amurka, jami'o'i irin su Pace da ke birnin New York da kwalejin Columbia da ke Chicago suna bayar da digiri a kansa, har ma a Pace ɗin yana ƙarƙashin tsangayar koyar da kasuwanci ne. Ɗalibin wannan fanni ba rawa aka ɗauke shi ya koya ba. Ana koya masa lissafin kuɗi da tsara kasafi, da dokokin yarjejeniya, da haƙƙin mallakar fasaha, da talla, da hanyoyin neman jari, da yadda ake gudanar da gidan kallo ko gidan adana tarihi ko babban taro, sannan a tura shi kamfani ya yi koyon aiki kafin ya fita. A nan Nijeriya galibi ana samun wannan ilmi ne a matsayin darussa a cikin sassan nazarin wasan kwaikwayo da fim, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello Zariya da Jami'ar Bayero Kano, da kuma Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos. A taƙaice, ilmi ne na mutumin da ba a ganin fuskarsa a allo, amma shi ne ke cewa a yi ko a bari.

To a nan gizo ke saƙa. Shekara da shekaru ana hawa mumbari ana la'antar yarinyar da ta yi rawa a fim da saurayin da ya rera mata waƙa, kuma lallai abin da suke yi abin ƙi ne. Amma wa ya zaɓi labarin? Wa ya biya kuɗin kyamara da masauki? Wa ya ce in babu waƙa uku a ciki ba zai sayi fim ɗin ba? Hausawa na cewa zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Al'umma ta ƙare fushinta a kan maratayi, shi kuwa mai jari yana zaune a shagonsa yana ƙirga riba, wani lokaci ma a sahun farko yake sallar Juma'a yana gyaɗa kai ga huɗubar da ake yi a kan fasadin da shi ya ɗauki nauyinsa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a tarihin da'awa. Malaman tafsiri sun ambaci Nadr ɗan Haris a bayanin aya ta 6 a Suratu Luƙman. Wannan Baƙuraishe ya kasance yana zuwa fatauci wajen Farisa, ya kwaso tatsuniyoyin Rustum da Isfandiyar, kuma ya sayi kuyangi mawaƙa, don duk wanda ya ga zuciyarsa ta fara karkata ga sauraron Alƙur'ani sai ya janye shi da labari da waƙa da abinci. Nadr ba mawaƙi ba ne. Mai jari ne, mai tsari, wanda ya san abin da ke ɗauke hankalin jama'a. Da me Manzon Allah (SAW) ya tunkari waƙoƙin zambon Ƙuraishawa? Ya kafa wa Hassan ɗan Sabit (RA) mumbari a cikin masallacinsa na Madina, yana mayar da martani da baitocin da suka fi kibiya yi wa mushirikai ciwo. Ba a bar fagen ga abokan gaba ba.

Haka nan a ƙasar nan. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da almajiransa sun yi amfani da waƙa da Fulatanci da Hausa wajen isar da saƙo ga makiyayi da manomi da ba su iya karanta Larabci ba. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ba ta tsaya ga rubuta waƙoƙin wa'azi kawai ba. Ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta naɗa jajoji daga cikin dattawan mata, tana ɗora masu malfa alamar izini, su haddace waƙoƙin su koma ƙauyukansu su koyar da matan da ba za su iya zuwa Sakkwato ko Wurno ba. Mai hankali ya duba da kyau: akwai mai tsara saƙo, akwai masu ɗaukarsa, akwai hanyar da zai bi ya isa gida-gida. Abin da jami'o'in Turai ke bayar da digiri a kansa yau ke nan, su don kuɗi, ita kuwa don Allah.

Da Turawan mulkin mallaka suka ci ƙasar, ba su yi sake da wannan makami ba. Sun riƙa yawo da motar majigi gari-gari suna nuna wa talakawa abin da suke so su gani. Haka kuma 'yan kasuwa Kwarori suka gina gidajen silima a Kano da sauran birane, suka cika su da finafinan Indiya da na Amurka da na Sin. Shekaru aru-aru na tarbiyyar zaure da makarantar allo, sai ga yaro ya haddace waƙar Indiya wadda bai san ma'anarta ba, a cikinta ma har da kirarin gumaka. Wal'iyazu billahi.

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da fim ɗin bidiyo mai suna Turmin Danya, daga nan harkar fim ɗin Hausa ta kankama. Da fim ɗin Sangaya ya fito a 1999 ya yi kasuwa saboda waƙoƙinsa, sai 'yan kasuwar kaset, musamman na Ƙofar Wambai, suka fahimci inda riba take, rawa da waƙa irin ta Indiya ta zama kamar sharaɗi. A ƙarshen shekarar 2000, bayan ƙaddamar da Shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar ta rufe gidajen silima. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai. A 2007 aka sake dakatar da shirya fim na wasu watanni bayan wata badaƙala da ta girgiza gari. A 2016 gwamnatin tarayya ta zo da shirin gina alƙaryar fim ta naira biliyan 3 a Kofa, ƙaramar hukumar Bebeji, malamai suka yi ca a kai, aka janye shirin.

Tsoron da malamai suka ji yana da dalili, babu mai musun wannan. Amma tambayar da ta wajaba a yi ita ce, bayan duk waɗannan hane-hane, me masu kishin addini suka gina a gurbin abin da aka hana? An rufe ƙofar silima, sai ga silima ta shigo aljihun kowane yaro ta cikin waya, ba mai karɓar tikiti, ba hukumar tacewa, ba ta san azumi ba, ba ta san tsakar dare ba. Hani ba tare da madadi ba ihu ne bayan hari.

Su kuwa waɗansu ba barci suke yi ba. A 2014 aka buɗe tashar Arewa24 mai watsa shirye-shirye da Hausa dare da rana, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ce ta ba da kuɗin kafa ta, jaridun Amurka da kansu suka buga labarin. Ko me mutum zai ce game da shirye-shiryenta, darasin a fili yake. Gwamnatin da ke can ƙetaren teku ta lissafa cewa wasan kwaikwayo da harshen Hausa abu ne da ya cancanci a zuba masa miliyoyin daloli, alhali attajiran Musulmi na nan gida suna ganin ƙasƙanci ne su sa ko sisi a shirya fim ɗin tarihin Shehu. Da kasuwar faifai ta mutu saboda satar fasaha da zuwan intanet, sai masu shirya fim suka koma YouTube, inda kamfanin ke riƙe kashi 45 cikin ɗari na kuɗin talla, kuma na'urarsa ce ke zaɓen abin da za ta tura wa mai kallo gwargwadon abin da ya fi riƙe ido. Ragamar da ke Ƙofar Wambai jiya, yau tana Kalifoniya.

Duk wanda ya taɓa zubar da hawaye yana kallon yadda aka ɗora wa Bilal (RA) dutse a fim ɗin Ar-Risala, ya kamata ya san yadda aka yi fim ɗin ya samu. Mustafa Akkad mutumin Halab ne ta ƙasar Sham, ya tafi Amurka ya karanci harkar fim a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles. Kamfanonin Hollywood ba su ba shi jari ba, ya nemo shi daga ƙasashen Larabawa. Aka matsa lamba aikin ya tsaya a Maroko, ya kwashe ma'aikatansa ya koma Libiya. Ya ɗauki fim ɗin sau biyu, da Larabci da Turanci, bai nuna fuskar Manzo (SAW) ba, bai sa an ji muryarsa ba, ya fitar da shi a 1976. A 1981 ya fitar da na Umar Mukhtar, wanda ya tona asirin ta'asar Italiya a Libiya har aka hana nuna shi a Italiyan shekaru masu yawa. Da a ce iya ɗaukar hoto kawai ya iya, da aikin ya mutu a Maroko. Sanin hanyar kuɗi da yarjejeniya da tafiyar da mutane ne ya kai shi gaci.

Sai dai tarihin Akkad ɗin yana da wani shafi da bai kamata a ɓoye wa matasa ba. Shi ne kuma ya ɗauki nauyin jerin finafinan ban tsoro na Halloween tun daga 1978, masu cike da kisa da abubuwan da Musulmi ba zai so ɗansa ya gani ba, domin a can riba take. Ya rasu a harin bam na Amman a 2005 bai cika burinsa na shirya fim ɗin Salahuddin Al-Ayyubi ba. Wannan kasuwa tana da ƙarfin ja, kuma ta ja waɗanda suka fi ɗan sakandare wayo da gogewa.

Saboda haka matsayin wannan jarida shi ne, neman wannan ilmi ba abin kunya ba ne ga ɗan gwagwarmaya, bilhasali ma al'umma na buƙatar wasu daga cikin 'ya'yanta su san shi. Amma ba na kowa ba ne, kuma yana da sharuɗɗa.

Na farko, niyya. Wanda abin da ke ransa shi ne a san fuskarsa, 'yan mata su riƙa nuna shi a titi, to ya ji tsoron Allah ya nemi wani kwas. Wanda ake buƙata shi ne mai haƙurin zama da alƙaluma da takardun yarjejeniya.

Na biyu, kada shiga jami'a ya zama sallama da Islamiyya. Mai tafiyar da irin wannan harka kullum yana cikin hukunce-hukuncen ciniki ne: ijara, mudaraba, sharika, garari da riba. Ya zama ya karanci babin ciniki a gaban malami kamar yadda zai karanci dokar haƙƙin mallaka ta 2022 a gaban lakcara. Ya san cewa danne haƙƙin marubuci, da hana mai ɗaukar hoto ladansa, da kwafar aikin wani a sayar ba izini, duk zalunci ne ko da fim ɗin na tarihin Annabawa ne. Ƙaramin ma'aikaci da ya wuni a rana a wajen ɗaukar fim ya koma gida da alƙawari, shi ma yana cikin raunanan da ake cewa ana gwagwarmaya dominsu.

Na uku, ya san tun daga gida cewa sashen da zai shiga akwai cakuɗar maza da mata, akwai atisayen dare, akwai darussan aikace da za a nemi ya yi abin da bai dace ba. Ya bincika tsarin karatun kafin ya cike fom, ba a fafe gora ranar tafiya. Ya shawarci iyaye da malamai, ya lizimci 'yan uwa ɗalibai da masallacin makaranta, kuma ya shirya faɗin a'a cikin ladabi ko da za ta ja masa asarar maki.

Na huɗu, ya fara gwaji da abin da ke gabansa. Walimar saukar Alƙur'ani, musabaƙa, wasan kwaikwayon ɗaliban Islamiyya, taron wa'azi, duk suna buƙatar kasafi, da wuri, da lasifikar da ba ta ƙara, da lokacin farawa da na tashi, da rahoton kuɗi bayan an watse. Sau nawa ake kiran taro ƙarfe 4 a fara bayan Magariba, a tashi da bashi, faifan da aka ɗauka kuma ko muryar malam ba a ji? Wanda ya kasa riƙe amanar taron unguwa, ba zai riƙe ta tashar talabijin ba.

Su ma attajirai da malamai akwai nasu nauyin. Matashin da ya yi shekara huɗu yana wannan karatu ya fito ya tarar babu mai sa jari sai mai son rawa, an tura shi ne bakin rijiya da hannun al'ummarsa. Gina masallaci alheri ne babba, amma yaran da ake fatan su cika sahunsa gobe, yau suna hannun duk wanda ya mallaki allon wayarsu. Tarihin Shehu da Abdullahin Gwandu, da hijirar Sarkin Musulmi Attahiru da shahadarsa a Burmi a 1903, duk suna nan suna jiran wanda zai tsara, ya nemo kuɗi na halal, ya biya ma'aikata haƙƙinsu, ya kai aikin gida-gida kamar yadda jajojin Nana Asma'u suka yi.

Allah Ya shiryi matasan Musulmi, Ya ba su ilmi mai amfani, Ya tsare su daga fitinun zamani na fili da na ɓoye. Amin.