ZAUREN 'YAN MATA: Fim Ɗinki Ya Yi Nauyi? Zo Ki Ji Yadda Ake Matse Shi

Yau dai ba zancen lalle ko kwalliya za mu yi ba. Da yawanku kun rubuto mini kuka iri ɗaya: kun haɗa kai da ƙawaye kun shirya ɗan gajeren fim da waya, an sha wahala an tace shi, amma da aka zo ɗora shi a YouTube sai data ta ƙare bai ko kai rabi ba. Wata kuma ta tura ta WhatsApp, ya isa fuskar jarumar duk ta dagule kamar an shafa mata koko.

To, ku matso kusa. Bidiyo hotuna ne jere, kamar 25 a kowace daƙiƙa. In da za a ajiye kowane hoto cikakke, minti ɗaya tak na bidiyo mai girman 1080 zai haura gigabayit 9. Wa ke da wannan kuɗin? Shi ya sa ake matse shi. Dabarar kuwa mai sauƙi ce: a ce jaruma na zaune a falo tana yi wa masoyinta ƙorafi, bango bai motsa ba, kujera ba ta motsa ba, bakinta da idanunta ne kawai ke aiki. Sai manhajar ta ajiye cikakken hoto ɗaya, a na bayansa kuma ta rubuta abin da ya sauya kawai.

Nan ne fa finafinanmu ke shan wuya. Wurin rawa da waƙa komai motsi yake, ga atamfa mai ƙananan zane, ga leshi mai walƙiya. Haka wurin duhu, da ruwan sama. In kin matse da yawa, a irin waɗannan wuraren asirinki zai fara tonuwa, ki ga hoton ya farfashe gida-gida. Don haka in za ki gwada, yanko minti ɗaya daga wurin rawar ki gwada da shi, kada ki gwada da wurin hirar falo.

Abin ba yau aka fara ba. Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990 a kaset ya zo. Daga baya faifan VCD ya shigo, shi ma matsattsen bidiyo ne, shi ya sa hotonsa bai cika fita tas ba. Yanzu kuwa su Izzar So a waya ake kallonsu.

Manhajar da nake ba ku shawara ita ce HandBrake. Kyauta ce, ko sisi ba a biya, tun 2003 wani Bafaranshe, Eric Petit, ya fara ta. A kwamfuta take aiki, don haka sai a lallaɓa Yaya ya ba da aron tasa. Akwai kuma FFmpeg, wadda Fabrice Bellard ya fara a 2000, amma ita sai an rubuta mata umarni da hannu, ku bar wa gwanaye tukuna.

In kin buɗe HandBrake kin ɗora fim ɗinki, zaɓi MP4, sannan H.264. Na san za a ce miki H.265 na 2013 ya fi matsewa, gaskiya ne, amma ya fi cin lokaci, kuma tsofaffin wayoyi da yawa ba sa buɗe shi. Mu kuwa masu kallonmu ba kowa ke da sabuwar waya ba. H.264 tun 2003 yake, kusan ba wayar da ba ta san shi ba. Sai ki nemi wani ma'auni da aka rubuta wa RF. Shi a juye yake: ƙaramar lamba, hoto mai kyau da nauyi, babbar lamba, hoto marar nauyi da ya fara lalacewa. Ki tsaya tsakanin 20 da 24 in girman 1080 ne. Su kansu YouTube megabit 8 a daƙiƙa suke ba da shawara ga wannan girman, wato fim na minti 10 zai kama wajen megabayit 600. Ki tabbata batir ya cika kafin ki fara, kada a ɗauke wuta aiki ya koma farko.

Sauti kuma kada ki yi masa rowa, don ba shi ne mai nauyin ba. Mai kallo zai yafe miki hoto mai ɗan hazo, amma in bai ji kalaman soyayyar ba, wucewa zai yi.

Ga wanda nake roƙonku da babbar murya: kada ki kuskura ki goge na asalin don kin ga matsattsen ya yi kyau! Abin da matsewa ta zubar ba ya dawowa, kuma in aka sake matse matsattse, lalacewa yake ƙarawa. Ranar da za a nemi fim ɗinki a gidan talabijin ko wata gasa, na asalin za a tambaya. Ki ajiye shi wuri biyu. In kuma ta WhatsApp za ki tura wa mai tace miki, tura shi a matsayin fayil, yana ɗaukar har gigabayit 2 ba tare da ya taɓa shi ba.

Wadda ta gwada ta rubuto mini lambar da ta yi mata daidai. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, a gaida su Umma.

Taku,
Antin Zaure