A Bar Uwa Ta Yi Magana Da Likita

'Yan uwana mata, yau ina so mu leƙa wani ɗaki wanda ba mai fatan tsayawa a ƙofarsa, watau ɗakin kulawa ta musamman, inda a kan kwantar da yaron da ciwo ya ci ƙarfinsa har ya fita hayyacinsa, ko numfashi ya gagare shi. Akwai irinsa a manyan asibitocinmu, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Cikin cututtukan da kan kai yaro can akwai zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da ciwon huhu, da sanƙarau, wanda iyayenmu ba su manta da ɓarnar da ya yi a 1996 ba, shekarar da ya kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke yi da uwa a ƙofar wannan ɗaki. Likita na fitowa sai maigida da ƙanensa da wani kawu su kewaye shi, ita kuwa tana can kan tabarma ta rufe fuska da gyale. In ta tambaya, a ce mata, "Da sauƙi, ki yi haƙuri." Idan ma ɗan fari ne, to, kunya ta ɗaure mata baki, ko sunansa ba ta iya faɗa, sai surukarta ta amsa a madadinta.

Alhali kuwa tambayoyin da likita ke yi duk na uwa ne. Yaushe zazzaɓin ya fara? Sau nawa ya yi taune-taune, kuma tsawon wane lokaci? Yaushe rabonsa da fitsari? Me aka ba shi kafin a kawo shi? Maigida yana kasuwa ko ofis sa'ad da waɗannan abubuwa suka faru, don haka abin da zai faɗa jita-jita ce, likita kuwa da amsar zai zaɓi magani. Kunya ado ce a tsakar gida, ban musa ba, amma a nan tana iya jawo asarar awa biyu ko uku, ga yaro kwance rai a hannun Allah. Ke uwa, ki faɗi gaskiya duka. In jiƙo kika ba shi, ki ce jiƙo ne. In maganin kemis ne, ki zo da kwalbar, domin ko farasitamol ɗin nan da muka raina, in ya yi yawa yakan ɓata hanta.

Na san maza don tausayi suke ɓoye mata. Amma su sani, abin da zuciyar uwa ke saƙa mata cikin dare ya fi gaskiyar muni. Ta leƙa ta ga ɗanta da robobi ko'ina, ba ya motsi, sai ta ɗauka an gama. Da an zaunar da ita an yi mata bayani, da ta san yaron da ke kan injin numfashi sau da yawa da gangan a kan sa shi barci don kada ya yi kokawa da injin. Robar da ke hancinsa zuwa ciki ta abinci ce. Ɗan abin da ke maƙale a yatsarsa yana auna iskar da ke cikin jininsa ne, kuma wani lokaci ƙarar da na'ura ke yi ba ta wuce ya goce daga yatsar ba.

Sa'an nan uwar da ta fahimta ba za ta yarda a ɗura wa yaro kome a ɓoye ba. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya daidai, ruwa kaɗan in ya sarƙe shi sai ya gangara huhu ya haifar da sabon ciwo. Rubutu ne, ko zuma, ko kunu, a fara tambayar nas. Addu'a kuwa ba ta bukatar cokali. In an ba ki izinin shiga, ki wanke hannu da sabulu, ki riƙe hannunsa, ki yi masa magana a hankali. Mai shayarwa ta daure ta ci abinci, ta kuma tambaya ko za ta tatsi nono a ba jariri ta roba.

Masu zuwa dubiya, don Allah a rage cincirindo, a kuma bar "ai da kin kawo shi da wuri", a bar zancen kishiya da na mayu. Mai son taimako ya ba da jini in an nema, abin da a kan ɗiba bai kai rabin lita ba. Wata ta dafo abinci, wata ta ɗauki sauran yaran. Kuɗin asibiti ma bai kamata a bar wa uban shi kaɗai ba.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikinku. Aikin koyarwa ya nuna mini cewa wanda ke cikin firgita ba ya riƙe abin da aka faɗa masa. Idan ƙanenki ne a kwance, ki ɗauki littafi da biro ki zauna kusa da Inna. Ki rubuta tambayoyinta kafin likita ya zo zagayen safe, ki rubuta amsarsa da sunan maganin, in Turanci ya yi yawa ki roƙe shi ya maimaita da Hausa ko a kira nas ta fassara.